Filin Masu Karatu: Idan Zane Ya Ƙi, Ina Laifin Yake?

Saƙonnin da suka iso mana wannan wata daga Bauchi da Gombe kusan duk kuka ɗaya suke yi: zane ya tsaya, rai ya ɓaci. Mun zaɓi bakwai, mun rage tsawon wasu. Malaman zane da masu sana'ar fenti da ke taimaka wa wannan fili su suka haɗu suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na tara kuɗi na sayi babban kanbas da fentin akirilik don in zana duwatsun garinmu. Yau mako uku ke nan yana jingine a ɗaki. Duk sanda na ɗauki burushi sai gabana ya faɗi, in ga kamar zan ɓata shi, in mayar in ajiye. Ko dai ba ni da baiwar ne?
Wata ɗaliba, Dass

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Maganar baiwa ba ta taso ba tukuna, tunda ba ki ɗiga komai a ƙyallen ba balle a auna. Abu biyu ne suka riƙe miki hannu, tsadar kanbas ɗin da kuma farinsa.

Na tsadar, ki bar babban nan inda yake, ki tanadi abin da ba za ki ji ciwon ɓata shi ba. Kafinta ya yanko miki guntayen filawud, kamar santimita 20 da 30, guda goma. Kwali mai kauri ma ya yi. Ki sami farin gam na kafintoci, ki sirka awo ɗaya da ruwa awo biyu, ki shafe gaba da baya don kada katakon ya lanƙwashe. In ya bushe, ki haɗa farin fentin bango awo biyu da gam awo ɗaya, ki sa ruwa kaɗan har ya yi kaurin koko. Shafi biyu ko uku, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, awa guda zuwa biyu tsakani, sannan ki bi da samfefa mai laushi. In gam ya yi yawa fuskar za ta yi santsi, fenti ya riƙa zamewa. In ya yi kaɗan za ta riƙa ba da gari a hannu, ta shanye fenti kamar ƙasar rani. Wannan haɗin na koyo ne. Aikin da za a sayar gara a sa masa jeso na gaske, wato farin shafin share fage da ake sayarwa don zane.

Farin kuwa kashe shi za ki yi. A kan fari fat, duk launin da kika ɗora sai ya yi kamar ya fi ƙarfinsa duhu, mutum ya yi ta ƙara fari a haɗinsa har zanen ya koɗe. Ɗebi fenti mai launin ruwan ƙasa kaɗan, ki tsinka shi da ruwa ya zama kamar shayin da ba madara, ki shafe allon duka, ki bi da tsumma. Minti goma ya bushe. Kin riga kin taɓa shi ke nan, ba sauran abin tsoro.

Amma kafin fenti, fensir. A takarda ki yi akwatuna shida, kowanne bai wuce girman kwalin ashana biyu ba. Ki zana duwatsun a cikinsu, minti biyar-biyar, da mataki uku kacal: haske, tsaka-tsaki, duhu. A wani ki ɗaga ƙasa ta ci kashi biyu cikin uku, a wani ki ba sararin sama. Wanda ya fi kama miki ido shi za ki kwafa a allo da gawayi. Tun ran gini ran zane: abin da bai zaunu a ɗan akwatin nan ba, ba zai zaunu a babban kanbas ba. Sannan ki sa ƙararrawar waya minti arba'in, ki ɗauki burushi mai faɗin inci ɗaya, ki fara da sama, sai duwatsu masu nisa, sai na kusa. Na nesa su fi haske, su karkata zuwa ruwan toka mai shuɗi-shuɗi, duhu mai ƙarfi na na kusa ne. Ƙararrawa na bugawa ki tsaya, ko ya yi kyau ko bai yi ba. Gobe allo na biyu. Sai kin cinye goman nan za ki waiwayi babban.

Mutanen da suka bar zane a jikin duwatsun Geji ta ƙasar Toro da na Shira, a jiharku, da jan launi suka yi a kan dutse, ba kanbas ba shagon kayan zane.

TAMBAYA: Sana'ata rubuta allunan shaguna da zanen jikin manyan motoci, shekara tara ina yi. Bana na shiga zanen kanbas da fentin mai na tub. Farko abin yana tafiya daidai, amma da na kai tsakiya sai kalolin su cakuɗe su koma kamar taɓo, in ji na tsani aikin. Biyu na yaga da reza. Na uku yana nan, yau da safe saura ƙiris ya bi su.
Mai zanen alluna, Jekadafari, Gombe

AMSA: Malam, a ajiye rezar tukuna. Sana'arka ce ta saba maka da wani abu. A allon shago kowace kala da gurbinta, harafin da ka gama ya gamu, aiki yana ƙara kyau tun daga farko har ƙarshe. Zanen kanbas ba haka yake tafiya ba. Akwai zangon da layukan farko masu kyau sun ɓace a ƙarƙashin fenti, ƙananan bayanai kuma ba su zo ba. Kamar gini ne da ya kai linta, ba rufi ba filasta, ga kwata ga yashi ko'ina. Kowane zane sai ya ratsa ta nan, na gwani da na ɗan koyo. Inda ake faɗuwa shi ne, rai na ɓaci sai hannu ya hau murza, murzar kuwa ita ke haifar da taɓon gaske. Don haka ka fara gane wanne ke gabanka, munin tsakiyar hanya ko taɓo.

Ja da baya mita uku, ka ɗan runtse ido har ƙananan abubuwa su ɓace. Ɗauki hoton zanen da waya ka mayar da shi baƙi da fari. Sannan ka dube shi a madubi, ko ka kifa shi kai ƙasa. Idan a hoton baƙi da fari ana gane haske daga duhu, ana gane abin da ke gaba da na baya, to zanenka lafiya lau yake, bai ƙare ba ne kawai. Idan kuwa duk ya zama ruwan toka ɗaya, matsalar ta haske da duhu ce, kuma ko ka sauya kala sau ɗari ba za ta tafi ba. Ka zurfafa inda ya fi duhu, ka bar inda ya fi haske wuri ɗaya ko biyu kawai. Madubin shi kuma karkata yake tonawa, bango da ya jirkice ko ido ɗaya da ya fi ɗaya sama, don idon da ya wuni a kan abu yakan daina ganinsa.

Taɓon kansa, ga inda yake fitowa. Akwai launukan da kishiyoyin juna ne: ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, rawaya da shunayya. In suka haɗu daidai-wa-daida sai su kashe juna su ba da ruwan ƙasa marar rai. Ɗigon ɗaya a cikin ɗaya yana da amfani, da shi ake kwantar da kala mai ihu, amma haɗuwar bazata a kan kanbas ita ce ɓarna. Sai fari a cikin inuwa: yana mayar da ita kamar alli. Sai baƙi a cikin rawaya, wanda kore-kore yake bayarwa maimakon rawaya mai duhu. Da ruwan ƙasa ake duhunta rawaya. Sai burushi ɗaya da ke yawo daga duhu zuwa haske ba gogewa. Na ƙarshe, wanda muke zargi a kanka, shi ne yawan shafa a kan ɗanyen fenti. Fentin mai yakan kwana biyu zuwa goma bai bushe ba, gwargwadon launi da kauri, duk shafar da ka ƙara tana tono na ƙasa ta gauraya shi da na sama.

Dokar aiki: kada haɗi ɗaya ya wuce kala uku, ban da fari. A faranti ake haɗawa da wuƙar fenti, ba a kan kanbas ba. Burushi biyu aƙalla, na haske da na duhu, da tsumma a hannun hagu. Ka ɗora fenti, shafa ɗaya, biyu, uku, ka ɗaga. In bai yi ba, kankare shi za ka yi ka sake haɗi, ba ƙari a kai ba.

Na ukun nan da ke jiran hukunci, in wurin ɗanye ne ka kwantar da wuƙar fenti ka kankare a hankali, sannan ka ɗora tsohuwar jarida, ka danna da tafin hannu, ka ɗaga. Za ta kwashe fentin da ya yi yawa ta bar maka inuwar siffar. Bar shi kwana biyu ko uku. In kuma ya riga ya bushe, ka ɗan bi tudun da samfefa, ka goge ƙurar, ka shafa man linsid, wato man da ake haɗa fentin mai da shi, ɗigo kaɗan, ka goge har ya kusa fita duka, ka ɗora sabo. Kuma na wata guda ka rage kayan aikin zuwa fari, rawayar ƙasa, ja da baƙi. Da waɗannan huɗu aka san Anders Zorn, mai zanen ƙasar Suwidin, kuma suna ba da launin fata da na doki da na katangar ƙasa. In za ka zana sararin sama ka ƙara shuɗi ɗaya.

Kada kuma ka yanke wa zane hukunci da dare. Ƙwan lantarki mai jan haske yana cinye rawaya, fitilar caji tana zuba shuɗi a kan komai. Ka kifa shi jikin bango, ka dube shi da hantsi a inuwa. Littattafan Turai suna cewa a nemi tagar arewa, don can rana ba ta cika shiga ta nan ba. Mu nan Gombe da Bauchi, daga wajen tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ta arewa take bi, sai tagar kudu ta fi a lokacin. Da hunturu kuma ta arewa. Ta gabas da ta yamma dai a guje su, haskensu kowace awa sauyawa yake.

Yaga zane ba kai ka fara ba. A 1908 Monet na Faransa, yana da shekara sittin da wani abu, ya lalata wasu zanukansa na bado ana dab da baje su a Faris, sai a 1909 aka yi bajen. Amma shi ya bar ɗaruruwa a baya. Kai da uku gare ka, kowanne darasi ne da za ka buƙaci dubawa nan gaba. Ka riƙa ɗaukar hoto a ƙarshen kowane zama. Babban zanen da Picasso, mai zanen ƙasar Sifen, ya yi a 1937 a kan harin bam da aka kai garin Gernika an ɗauki hotunansa mataki-mataki, ana ganin hannun da ya ɗaga sama da farko ya zo ya share. Hotunan naka za su nuna maka daidai ranar da taɓon ya fara.

TAMBAYA: Akirilik nake amfani da shi. Tun shigowar hunturu kafin in gama haɗa kala ta bushe, sai in rikice in yi ta sauri, aikin ya fito a yamutse. Kuma in ya bushe sai ya yi duhu, ba abin da na haɗa ba.
Wata malamar firamare, Misau

AMSA: Malama, iska ce ke kora ki. Akirilik da ruwa yake tafiya, hunturu kuwa busasshiyar iska ce, shafi marar kauri cikin 'yan mintoci ya ƙame. Nemi tire ko roba mai murfi, ki shimfiɗa siririn soso ko tsumma mai ninki huɗu, ki jiƙa ki matse kaɗan, ki rufe da takardar nan da masu kek ke shimfiɗawa a tiren gashi. A kanta za ki matsa fenti. Danshi yana ratsowa daga ƙasa, fenti ya wuni ɗanye, in an rufe ya kwana. Ruwa ya yi yawa in kika ga kalolin suna malala. Ki riƙe kwalbar feshi ki ɗan fesa wa tiren duk minti goma, ki kashe fanka, ki yi aikin sirka launi da sanyin safiya. Kada ki buɗe wurin da ya fi tafin hannu biyu a lokaci ɗaya. Akwai ruwan jinkirta bushewa da ake sayarwa. Ki bi awon da ke jikin kwalbar, in ya zarce fenti zai yi ta danƙo.

Duhun kuma halinsa ne. Gam ɗin da ke riƙe launin fari-fari ne kamar madara in yana ɗanye, ya washe in ya bushe. Ki riƙa haɗawa da ɗan haske fiye da yadda kike so, ki gwada a guntun kwali, ki jira minti goma. Robar ruwa biyu, ta wanki da ta sirki. Burushin da fenti ya ƙame a kansa, sipirit na sassauta shi. Ƙura kuma, yayyafa ruwa a ƙasa kafin ki fara, kada ki yi shara sai aiki ya bushe.

TAMBAYA: Wani Alhaji ya ba ni aikin zanen mahaifinsa a kan doki ranar hawan sallah, daga wani tsohon hoto. Wata biyu ina kai. Kullum sai na hango abin gyara. Fuskar sau bakwai na sake ta, yanzu ta yi tudu ta fara tsattsagewa, kuma kamannin sun gudu. Shi ko kullum sai ya kira. Da na ga lambarsa sai cikina ya ɗuri ruwa.
Wani mai zane, Wunti, Bauchi

AMSA: Ɗan'uwa, garin neman gira ka taɓa ido. Bari mu fara da tsagewar, don ita ba ta jira.

Fentin mai ba bushewar ruwa yake yi ba, iska yake sha ya daskare, daga sama zuwa ƙasa. In ka ɗora siririn shafi mai saurin kamewa a kan mai kauri da cikinsa ɗanye ne, na ƙasa zai ci gaba da motsi ya tsaga na sama. Shi ya sa ake cewa shafin farko ya zama siriri marar mai sosai, kowane na sama ya fi na ƙarƙashinsa mai. Ruwan ƙasa mai duhu kwana ɗaya ko biyu ya kame, fari da ja sukan kai mako ko fiye, fuska kuwa da fari da ja ake haɗa ta. Shanya shi a rana don sauri ƙara ɓarna ne. Haka tsinka fenti da kananzir; shi na wanke burushi ne, a bi da sabulu. Fentin ƙofa na gwangwani ma a bar wa ƙofa, a kan ƙyalle karyewa yake. Kuma fentin mai yana hawa kan akirilik, amma akirilik a kan fentin mai ɓarewa zai yi.

Fuskar nan ba ta gyaruwa da shafi na takwas. Kankare tudun da wuƙa har ya yi daidai da sauran fuskar kanbas, ka bar shi mako guda, ka bi da samfefa. In tsagar ta kai har ƙyalle, sabon kanbas ya fi sauƙi.

Kamanni kuma ba a gashin ido ko layin leɓe suke ba, a tazara suke: tsakanin ido da ido, ido da ƙasan hanci, hanci da baki, da faɗin fuska a kan tsawonta. Ido ba mudu ba ne, ya san kima, amma idon da ya gaji awo yake buƙata. Buga hoton ya girma, ka ja masa layukan dara na santimita biyu-biyu, ka ja irinsu a kanbas gwargwadon girman da kake so, misali shida-shida, ka kwafa gida-gida. Sannan launi uku kawai: gefen haske, gefen inuwa, da duhun ƙarƙashin rawani da ramin ido. In bai yi kama da shi a wannan matakin ba, kada ka wuce, awo ne ya kuskure. Tsohon hoto ba ya nuna komai, abin da bai nuna ba kada ka ƙirƙira. Ka roƙi Alhaji wani hoton ko da ba na kan doki ba ne.

Sanin inda za a tsaya shi ne ciwon da ya fi wuya, don hannu mai riƙe da burushi ba ya rasa abin taɓawa. Ajiye burushi, ka zauna nesa da takarda da biro, ka rubuta gyara biyar, kada su wuce. Tashi ka yi su, su kaɗai. Kifa zanen kwana uku. In ka juyo shi ba abin da ya tsone maka ido cikin minti ɗaya na farko, sa hannu. Kuma ba ko'ina ke son cikakken aiki ba. Fuskar mahayi da kan doki da linzami su ne wurin kallo. Jalala, likkafa, alkyabba da taron jama'a a baya, 'yan shafe-shafe sun ishe su. In ka ƙawata su duka za su janye ido daga fuskar da aka biya ka dominta.

Alhaji kuwa ka riga shi kira. Gaya masa fuskar za ka sake, ka ba shi rana guda da ka lissafa da kwanakin bushewa, ka ƙara mako a kai. Ka sanar da shi banish na ƙarshe, wato shafin kariya mai sheƙi, sai bayan wata shida, za ka zo gida ka shafa. Nan gaba a yi magana tun farko: rabin kuɗi kafin a fara, mai aiki ya ga zanen fensir ya amince, gyara sau biyu, abin da ya wuce haka da kuɗinsa. Kada kuma ka tura wa mai aiki hoton zane yana tsakiyar hanya, shi gini marar filasta kawai zai gani.

TAMBAYA: A ɗakin da nake kwana nake zane. Kwanan nan kullum da ciwon kai da jiri, ga ƙunci, wani lokaci in zauna gaban zanen in yi ta hawaye. Abokaina suna cewa haka masu fasaha suke.
Wani matashi, Azare

AMSA: Ƙanenmu, kada ka karɓi wannan magana. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya, fara zargin tururin ruwan tsinka fenti da wanke burushi, wato tafentin, tina ko kananzir, a rufaffen ɗaki. Fitar da su daga inda kake kwana yau ɗin nan, ka rufe kwalabensu, ka yi aiki a zaure ko inda iska ke shiga ta fita. Tsumman da ya sha man linsid kada a dunƙule shi a lungu, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. A baza shi waje ya bushe ko a tsoma shi a ruwa. Kada ka gyara bakin burushi da leɓe, kada ka ci abinci da hannun fenti, wasu launukan da ƙarafa masu guba ake yinsu. Koma akirilik ko fensir na mako biyu ka ga ko kan zai saki.

Ɓacin ran da zane ke jawowa yakan tsaya a bakin zanen: ka fita, ka ci abinci, ka yi hira a majalisa, ya sassauta. In kuwa ƙuncin yana binka ko'ina mako biyu ko fiye, barci ya lalace, abinci ba daɗi, abin da kake so da can ya fita ranka, to wannan na likita ne, kuma yana da magani. Je babban asibiti ka faɗi yadda ka faɗa mana, ka kuma sanar da wani babba a gida. In tunanin cutar da kanka ya zo maka, ranar za ka je, da rakiya. Masu kafa hujja da Van Gogh, mai zanen ƙasar Holan, cewa ciwo ne ke sa fasaha, su sani cewa a asibitin da ya zauna a 1889 zuwa 1890, in ciwon ya taso masa kasa aiki yake; zanukan a kwanakin sauƙi ya yi su.

TAMBAYA: Ina son zane tun ina yaro, amma Baba ya ce zanen mutane da dabbobi haramun ne. Yanzu ko na zauna yi sai zuciyata ta ƙi natsuwa, in bari kuma in ji kamar an cire mini wani abu.
Wani ɗalibi, Dukku

AMSA: Ɗanmu, fatawa ta malamai ce, ka je da Baba wurin malamin da ku biyun kuka yarda da shi. Abin da ke sananne shi ne, akwai hadisai masu tsanani a kan surar abu mai rai. Wasu malamai sun hana gaba ɗaya, a littattafan Malikiyya kuma an bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango. Inda ba a ja ba shi ne abin da ba shi da rai: a Bukhari da Muslim an ruwaito Ibn Abbas ya nuna wa wani mai sana'ar zane ya koma zana bishiyoyi da makamantansu.

Mu ta fuskar aiki za mu ce, hannun da zuciya ke ja baya ba ya zane mai kyau, kuma zane a ɓoye da faɗuwar gaba ba ya ɗorewa. Filin da ba gardama a kansa kuwa ya ishi mutum har tsufa. Ga kuka da rani, wadda rassanta kaɗai karatun shekara ne. Ga Dutsen Bima, ga ruwan Dadin Kowa da yamma, ga tsaunukan Tula da Kaltungo. Ga rumbu, zaure, tukwane, ƙwarya, sirdi a rataye. Duk ilmin haske da inuwa da haɗa launi yana cikin tulu ɗaya da aka ajiye a bakin ƙofa. Ga kuma na gado: zayyanar allo da ta Alƙur'ani, dagi, zanen bangon gidajen sarauta, aikin wuyan babbar riga. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane a Zariya a 1958, irin su Uche Okeke, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, kiransu ke nan, a haɗa abin da aka koya a aji da fasahar gida.

Fara da zayyana a kan allon da ka shirya yadda muka bayyana a amsar farko, santimita 30 kowane gefe. Raba shi da rula da kamfas, ka fitar da rubu'i ɗaya da fensir, ka kwafa shi da takarda mai shara-shara zuwa sauran ukun don su daidaita. Launi uku: baƙi, jan makuba, rawaya. Rawaya farko, baƙi a ƙarshe, shi ke rufe kuskuren gefe. Ka yi shi a tsakar gida inda Baba zai gani.

TAMBAYA: Na gama wani zane, an saya, amma na kasa miƙa shi. Mako biyu ina kawo uzuri.
Wata mai zane, Kaltungo

AMSA: 'Yar'uwa, an karɓi kuɗi, kaya na mai shi ne. Fitar da shi inuwa da hantsi, ki jingine shi tsaye, wayar ta fuskanci tsakiyarsa daidai, ba filasha, ki ɗauki hoto na duka da na kusa uku. Rubuta suna, shekara, girma da irin fenti a baya da fensir, ki kwafa a littafinki. Ki fara zanen fensir na aiki na gaba kafin ranar miƙawa, kada mazaunin zanen ya kwana ba komai a kai. Wajen naɗewa kada leda ta taɓa fuskar, da zafin mota mannewa take. Sa kwali a kusurwa huɗu, wani faffaɗan a gaba da ɗan rata, ki ɗaure. Ki gaya wa mai shi kada ya rataye inda rana ke duka ko kusa da hayaƙin kicin, kuma da damina ya bar ɗan rata tsakaninsa da bango saboda danshi.